Tartsatsi da Wutar Daji: Abin da Lissafin Yiwuwa Ke Koya Mana Game da Annoba

Takardar da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu



Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan lafiyar al'umma, mu kuwa muka ga ya dace mu shigo wa batun ta ƙofar da ba a saba bi ba, wato ƙofar lissafi. Kada gaban kowa ya faɗi. Duk wanda ya iya riƙe lissafin adashi, ko ya taɓa raba amfanin gona tsakanin magada, zai iya bin bayanin nan daga farko har ƙarshe.

Ga tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa. A shekarar 2014 cutar Ebola ta shiga ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. A Gini da Laberiya da Saliyo ta kama mutane fiye da 28,000, ta kashe fiye da 11,000 kafin a shawo kanta a 2016. A Nijeriya mutum 20 ta kama, 8 suka rasu. A Mali mutum 8 ta kama. A Senegal kuwa, wanda ya shigo da ita shi kaɗai ya yi jinyarsa ya warke, ba ta tsallaka kan kowa ba. Ƙwayar cutar iri ɗaya ce, shekarar ma ɗaya ce. To me ya kawo wannan bambanci mai nisa haka?

Wani ɓangare na amsar kowa ya san shi, wato shiri da gaggawar hukuma. Ɗaya ɓangaren ne ba a cika magana a kansa ba, shi ne dace. Duk wanda ya tashi a karkara ya san halin wutar daji a lokacin hunturu. Tartsatsi nawa ne ke faɗawa kan busasshiyar ciyawa ya mutu ba wanda ya sani? Sai ga guda ɗaya ya dace da iska, ya cinye daji har da rumbuna. Masana sun shafe kusan shekara 100 suna auna irin wannan dace a sha'anin cututtuka, kuma abin da suka gano shi ne: kowace annoba tana da ƙuruciya, lokacin da makomarta ke lilo tsakanin mutuwa da kamawa. A wannan ɗan lokaci ne ƙaramin ƙoƙari ke yin babban tasiri. Mu kuma mazauna birane, masu kai-da-komo tsakanin birni da gida, muna da hannu a cikin lamarin fiye da yadda muke zato.

Lissafin matsakaici da inda ya tsaya

Shigar lissafi cikin nazarin annoba ba yau ta fara ba. A 1760 Daniel Bernoulli ya gabatar wa masanan birnin Faris lissafin amfanin da ke cikin yi wa jama'a rigakafin agana. A 1911 Ronald Ross, likitan da ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro, ya nuna cewa ba sai an kashe sauro duka ba kafin zazzaɓi ya ja baya. Ya isa a rage yawansa zuwa ƙasa da wani ma'auni. A 1927 kuma William Kermack da Anderson McKendrick, a birnin Edinbara na Sukotland, suka kasa jama'a gida uku: waɗanda cuta za ta iya kamawa, waɗanda ke ɗauke da ita, da waɗanda suka fita daga sha'aninta ta hanyar warkewa ko rasuwa. Daga nan suka lissafta yadda mutane ke gangarawa daga wannan gida zuwa wancan.

Daga irin wannan aiki ne aka samo lambar da masana ke rubutawa R0, wadda za mu kira lambar yaɗuwa. Ma'anarta ita ce: idan majinyaci ɗaya ya shiga cikin jama'ar da babu mai kariya, mutum nawa zai shafa wa cutar a matsakaici? Idan lambar ba ta kai 1 ba, cutar za ta mutu da kanta. Idan ta haura 1, akwai hanyar annoba. Ta ƙyanda tana tsakanin 12 da 18, shi ya sa take cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa.

Wannan lissafi yana aiki sosai idan majinyata sun kai dubbai, domin a cikin yawa, ƙarin wani yana cike giɓin wani. Amma yana da rauni guda: duk lokacin da aka ba shi lambobi iri ɗaya, amsa ɗaya tak yake bayarwa. Idan an ce lambar yaɗuwa ɗaya da rabi ce, sai ya ɗauka kowane majinyaci zai shafa wa mutum ɗaya da rabi. A zahiri kuwa babu rabin mutum. Wani majinyacin zai kwanta a ɗakinsa har ya warke bai shafa wa kowa ba, wani kuma zai shiga motar haya ranar kasuwa. Idan majinyata biyu ne ko uku kacal a gari, matsakaici ba ya gaya mana abin da zai faru. Nan ne lissafin yiwuwa ya shigo.

Lissafin yiwuwa

Lissafin yiwuwa ba ya cewa ga abin da zai faru. Abin da yake cewa shi ne: in da za a maimaita wannan hali sau 100, sau kaza zai ƙare haka, sau kaza kuma zai ƙare haka. Ba duba ba ne, ba kuma bugun ƙasa ba. Daidai yake da sanin da gogaggen manomi ke da shi cewa shukar ruwan farko takan yi a wasu shekarun, takan ƙone a wasu, don haka ba ya zuba irinsa duka a rana ɗaya.

McKendrick ya fara gwada wannan hanya a 1926. A 1928 kuma malamai biyu na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, Lowell Reed da Wade Hampton Frost, suka tsara samfurin da har yau ake koyarwa da sunansu. Don ɗalibai su gani da idonsu, sukan zuba ƙananan ƙwallaye masu launi daban-daban a cikin mazubi, wasu a matsayin lafiyayyu, wasu majinyata, wasu masu kariya, wasu kuma shamaki. Sai a girgiza, a juye su a jere. Duk lafiyayyen da ya faɗo tare da majinyaci ba shamaki a tsakaninsu, an ɗauka ya kamu. A sake girgizawa, a sake juyewa. Ƙwallayen ba su sauya ba, amma wani lokaci annobar takan mutu a zagaye na farko, wani lokaci kuma ta cinye kusan kowa.

Bari mu kawo misalin cikin gida. A ce yaro ɗaya ya kwanta, akwai 'yan'uwansa huɗu lafiyayyu, kuma yiwuwar ya shafa wa kowannensu 1 ce cikin 5. Yiwuwar duka huɗun su tsira ita ce 4 bisa 5 a ninka sau huɗu, wato kusan 41 cikin 100. Ke nan a cikin gidaje 100 masu hali iri ɗaya, kusan 41 ba za su ga wani ya ƙara kwanciya ba, sauran 59 kuwa za su gani. Maƙwabta biyu, katanga ɗaya, wannan gida ya tsira, wancan ya kwanta. Sau da yawa mukan jingina wannan bambanci ga ƙarfin jinin gida, ko ga wani jiƙo da aka sha, alhali lissafi ya nuna haka za ta faru ko da babu abin da ya bambanta su. Idan kuma majinyatan sun zama uku, dole kowane lafiyayye ya tsere wa ukun duka, sai yiwuwar kamuwarsa ta tashi daga 20 zuwa kusan 49 cikin 100.

Abin da Reed da Frost suka yi da ƙwallaye, yau kwamfuta ce ke yinsa. Akan ba ta bayanin gari da halin cuta, ta buga annobar sau dubbai, kowace da irin nata dacen, sannan a duba yadda sakamakon ya rarrabu.

Zuri'ar cuta

Babban makamin wannan fanni ya samo asali ne daga wata tambaya da ba ta shafi cuta ba. A 1873 Francis Galton na Ingila ya tambaya: me ya sa sunayen wasu manyan gidaje ke ɓacewa? Henry Watson ya ɗauki tambayar ya yi mata lissafi, ko da yake wani Bafaranshe, Bienaymé, ya riga su tun 1845. Mu ma mun san wannan a garinmu. Akwai gidajen da suka yi rassa har suka cika unguwa, akwai kuma waɗanda sai dai a nuna kangonsu. Cuta ma zuri'a gare ta. Majinyaci na farko shi ne kaka, waɗanda ya shafa wa su ne 'ya'ya, haka har jikoki da tattaɓa-kunne. Idan aka zo wani zagaye da babu wanda ya haifar, zuri'ar ta yanke.

Mu ɗauki cuta ta misali. A cikin majinyata 4, ɗaya ba ya shafa wa kowa, ukun kuma kowannensu yana shafa wa mutum 2. Jimilla mutum 6 daga majinyata 4, lambar yaɗuwa ɗaya da rabi ke nan. Lissafin matsakaici zai ce annoba ba makawa. Lissafin yiwuwa kuwa ya ce idan mutum ɗaya ne ya shigo da ita, sau 1 cikin 3 zuri'ar za ta yanke da kanta. Mai son tabbatarwa ga hanya: zuri'a takan yanke ne idan na farko bai shafa wa kowa ba, wato 1 bisa 4, ko kuma ya shafa wa biyu amma rassan biyun duk suka yanke, wato 3 bisa 4 sau 1 bisa 3 sau 1 bisa 3, wanda ya ba da 1 bisa 12. A haɗa su, a sami 1 bisa 3 daidai.

Yanzu ga inda darasin yake. Idan majinyata biyu ne, dole rassa biyu su yanke, yiwuwar ta koma 1 cikin 9. Idan biyar ne, ta koma 1 cikin 243. Idan goma ne, ba ta kai 1 cikin 59,000 ba. Masanin lissafi Peter Whittle ya tabbatar da irin wannan ƙa'ida a 1955. Abin nufi, muddin majinyata ba su wuce ɗaya ko biyu ba, dace yana taya mu. Da zarar an bar su sun kai goma, dace ya janye hannunsa. Tazarar da ke tsakanin ɗaya da goma kuwa, ga cuta mai sauri, makonni kaɗan ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutum ɗaya, taro ɗaya

Mu sake ɗaukar wata cuta ta misali. A cikin majinyata 10, tara ba sa shafa wa kowa, na goman kuwa yana shafa wa mutum 15. Lambar yaɗuwarta ita ma ɗaya da rabi ce, daidai da ta farko, amma halinta daban ne. Idan aka yi lissafin, za a ga cewa a cikin shigowa 100, kusan 94 za su mutu da kansu. Sauran 6 ɗin ne za su fashe, kuma fashewar ba ta sallama.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Fabrairun 2003 wani likita daga kudancin ƙasar Sin ya sauka a wani otal a Hong Kong yana ɗauke da cutar numfashi ta SARS. Daga baƙin da suka zauna a otal ɗin cutar ta isa Kanada da Singafo da Biyetnam. A Singafo, daga cikin mutum 201 na farko da aka lissafta, 103 sun kamu ne daga mutum 5 kacal, yayin da mafi yawan majinyatan ba su shafa wa kowa ba. A 2005 James Lloyd-Smith da abokan aikinsa suka nuna cewa wannan hali ya zama ruwan dare a cututtuka da dama, aka kuma sake ganinsa a annobar korona ta 2020.

Ebolar da ta shigo Nijeriya ma haka ta yi. Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014. Shi kaɗai ya shafa wa mutum 12, galibinsu ma'aikatan lafiya. Waɗannan 12 suka shafa wa 5, su kuma 5 suka shafa wa 2, daga nan zuri'ar ta yanke. Abin da ya sa ta yanke sananne ne. Likita Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi yarda a sallami majinyacin duk da matsin da aka yi mata, ta kuma rasa ranta a dalilin cutar. Jami'ai suka bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da majinyata a Legas da Fatakwal, suka kai musu ziyarar dubawa kusan sau 18,500. Ranar 20 ga Oktoban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar. A Gini kuwa, cutar ta fara ne a wani ƙauye a Disamban 2013, ba a gane ta ba sai a Maris na 2014. Wata uku ke nan tana hayayyafa a ɓoye.

Darussa biyu ne a nan. Na farko, cuta mai irin wannan hali tana yaudarar jama'a. Sau 94 an yi sakaci ba abin da ya faru, sai a fara cewa ai bara ma an yi wannan hayaniya, ina abin da aka gani? Ba kullum ake kwana a gado ba. Na biyu, abin da ke sa mutum ɗaya ya shafa wa 15 galibi wurin da ya samu kansa ne: ɗakin jinya mai cunkoso, gidan biki, zaman makoki, doguwar tafiya a mota. Don haka ba a ɗora wa majinyaci laifi. Tsangwama tana sa mutane ɓoye ciwo, ɓoyewa kuwa ita ce ke mayar da ɗaya ya zama goma.

Birni da ƙauye

Yanzu mun zo inda maganar ta fi shafarmu. Ƙyanda tana barin kariya ta har abada ga wanda ya warke. Saboda haka kamar wuta take, idan ta cinye ciyawar da ke gabanta sai ta mutu, sai fa idan sabuwa na tsirowa da sauri. Sabuwar ciyawarta kuwa su ne jariran da ake haifa. A tsibiran Faro da ke arewacin Turai an yi annobar ƙyanda a 1781, daga nan ta ɓace har shekara 65. A 1846 wani kafinta ya dawo da ita daga babban birnin Denmak, ta kama kusan mutum 6,000 daga cikin mazauna da ba su kai 8,000 ba. Likita Peter Panum, wanda aka aika ya bincika, ya tarar tsofaffin da suka yi ta a 1781 ba ta sake taɓa su ba.

A 1957 Maurice Bartlett na Jami'ar Manchesta ya yi amfani da lissafin yiwuwa ya auna wannan al'amari. Ya gano cewa a Ingila ta wancan zamani, sai gari ya kai mutum 250,000 ko sama kafin ƙyanda ta iya zama a cikinsa ba yankewa. A garin da bai kai haka ba, bayan kowace annoba majinyata sukan ragu zuwa 'yan ƙalilan, dace ya yanke zuri'ar, garin ya zauna lafiya har sai wani ya sake kawo ta daga waje. A 2001 Bryan Grenfell da abokan aikinsa suka bi tsofaffin alƙaluman Ingila, suka ga yadda kowace annoba ke tasowa daga manyan birane irin su Landan ta gangara zuwa ƙananan garuruwa. Birni shi ne murhun da wuta ke kwana, ƙauye kuma yana jiran wanda zai ɗebo masa garwashi.

An yi irin wannan bincike a maƙwabtanmu. A 2008 Matthew Ferrari da abokan aikinsa suka nazarci alƙaluman ƙyanda na birnin Yamai. Suka tarar tana tashi da ƙarfi da rani, ta faɗi warwas da saukar damina, har takan yanke gaba ɗaya duk da cewa birnin ya ninka ma'aunin Bartlett. Daga nan sai a yi shekarun shiru, yaran da ba su da kariya suna taruwa, har ranar da wani zai shigo da ita ta tashi babba. Ba wanda zai iya faɗin shekarar da hakan zai faru. A 2011 kuma Nita Bharti da abokan aikinta suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na hasken dare a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Suka ga hasken na ƙaruwa da rani, lokacin da 'yan cin rani ke cika birane, kuma a daidai lokacin ne yaɗuwar ƙyanda ke ƙaruwa.

'Yan'uwa, wa ke bin hanyar da ke tsakanin birni da garinmu? Mu ne, da iyalanmu, duk Sallah, duk biki, duk rasuwa. Ƙannenmu ne da ke zuwa cin rani su koma da faɗuwar ruwa. Zumunci ne, kuma ba mai cewa a yanke shi. Sai dai ya kamata mu san cewa shekarun da garinmu ya yi bai ga ƙyanda ba, idan ba rigakafi ne ya kawo shirun ba, to ciyawa ce kawai ke taruwa.

Yaushe za a ce cuta ta ƙare?

Lissafin yiwuwa yana da amfani a ƙarshen annoba kamar yadda yake da shi a farkonta. A cikin yara kusan 200 da ƙwayar shan inna ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanyewa, sauran suna yawo da ita ba alama. To shiru na tsawon wane lokaci ne zai isa hujja? A 1996 Martin Eichner da Klaus Dietz na ƙasar Jamus suka lissafta cewa sai an yi aƙalla shekara 3 ba a ga ko ɗaya ba kafin a sami tabbacin kashi 95 cikin 100. Nijeriya ta ga gaskiyar wannan. Daga Yulin 2014 aka yi shekara biyu shiru, sai ga cutar ta ɓulla a Jihar Borno a Agustan 2016, a yankunan da rikici ya hana ma'aikata shiga. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Ko bayan haka ba a daina rigakafi ba, domin wani nau'in nata yakan ɓulla a inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba.

Wannan ya nuna mana iyakar lissafi. Lissafi ba ya ganin abin da ba a kawo masa rahotonsa ba. Ƙauyen da ba a zuwa, da yaron da ya rasu a gida ba a rubuta ba, duk ba sa cikin alƙaluma, kuma komai ƙwarewar masani, abin da aka zuba masa shi zai auna.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Mu koma kan cutarmu ta misali ta farko. Idan rabin jama'ar gari suna da kariya, rabin waɗanda majinyaci zai shafa wa sun kuɓuta, lambar yaɗuwa ta faɗo daga ɗaya da rabi zuwa 3 bisa 4. Tunda ba ta kai 1 ba, komai yawan shigowarta zuri'arta za ta yanke. Ga ƙyanda, saboda girman lambarta, sai kariya ta kai kusan kashi 95 cikin 100. Wannan shi ne share gefen gona kafin hunturu. Bisa haka muke gabatar wa wannan taro shawarwari biyar.

Na farko, kowane magidanci ya duba katin rigakafin 'ya'yansa kafin tafiya gida. Allurar ƙyanda sau biyu ake yi, a wata 9 da wata 15. Yaron da ke da zazzaɓi da ƙuraje a bar shi ya warke tukuna, gaisuwa ba ta wucewa. Yaran dangi da ke zaune a hannunmu a birni su ma a duba nasu.

Na biyu, ƙungiya ta ware wani kaso na asusunta don gaggauta rahoto. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. A samar wa ma'aikacin asibitin garinmu waya da kuɗin kira da man babur, a kuma haɗa shi da masu unguwanni da ungozomomi da masu kyamis, domin su ke fara ganin majinyaci. Kwana uku da aka rage a farkon annoba sun fi motar magani da za a aiko a ƙarshenta.

Na uku, a tallafa wa rigakafi ya isa ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da mu, da firji mai aiki da hasken rana da abin hawa. Ko da cikin gari ya kai kashi 95, unguwa ɗaya da aka tsallake ta isa wuta ta kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu, a gyara wuraren da mutum ɗaya ke iya shafa wa 15. Asibitinmu ya samu ruwa da sabulu da safar hannu da ɗaki na daban don keɓe majinyaci. Idan kuma hukumar lafiya ta sanar da ɓullar annoba, mu da ke da faɗa a ji mu fara rage taron bukukuwanmu, don na baya su yi koyi.

Na biyar, a riƙa rubuta haihuwa da rasuwa da jinya, a kuma sanya ɗaliban lissafi da ƙididdiga cikin waɗanda ƙungiya ke ɗaukar nauyin karatunsu. Yaron da ya iya lissafi zai iya ceton rayukan da likita goma ba su isa gare su ba.

Kammalawa

Mai girma shugaba, ba mu da ikon hana tartsatsi faɗowa, domin muddin ana tafiya ana dawowa cuta za ta riƙa shigowa. Abin da ke hannunmu shi ne yawan ciyawar da zai tarar, da saurin da za a gan shi a take shi. Idan muka yi namu, cuta za ta shigo garinmu ta mutu ba wanda ya ji labari, kuma ba wanda zai zo ya yi mana godiya a kan annobar da ba ta faru ba. Duk da haka wannan aiki bai gaza gina makaranta ko haƙa rijiya ba, domin yaran da za su shiga makarantar su sha ruwan rijiyar su ne ake tsarewa. Muna roƙon wannan taro ya kafa ƙaramin kwamiti da zai duba waɗannan shawarwari, ya kawo rahoto kafin hunturu mai zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.